Ƙarafan Yaya Sahabi

Bana ruwa ya yi mana nawa a Kalgo. Kullum da la'asar sai hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, mata su fito da gudu suna kwashe shanya, sai iska ta taso ta watsa shi, a wayi gari ƙasa na nan yadda take. Jiya ina zaune a bakin ɗaki, fanka a tsaye don babu wuta, sai na ji ƙamshin nan na ƙasar da ta sha rana tana jiran ruwa. Nan take zuciyata ta koma gidanmu na Gwandu, shekarar da azumi ya faɗo tsakiyar bazara, shekarar da aka kawo Yaya Sahabi daga Kaduna a kwance.

Lokacin ba a yanke mana jihar Kebbi ba, muna ƙarƙashin Sakkwato. Ina da kamar shekara talatin, mijina ya rasu, na gama takaba na dawo gaban Inna, mahaifiyarmu. Babanmu ya daɗe da rasuwa. Gidan daga ni sai ita, sai awaki biyu, sai rumbun da ya kusa kai ƙasa, don daminar da ta wuce gero bai yi ba.

Yaya Sahabi shi ne babba a ɗakinmu. Tun ina yarinya ya tafi Kaduna, kuma in an tambayi Inna aikinsa sai ta ce, "Yana can wurin wasan manya." Iyakar saninmu ke nan. Rana ɗaya ya yanke jiki ya faɗi a bakin aiki, ɓarinsa na hagu ya shanye, bakinsa ya karkace. Matarsa ta koma gidan iyayenta da yara kafin a ga abin da Allah zai yi, abokan aikinsa kuma suka sako shi a mota. Kayan da aka sauke tare da shi akwatin ƙarfe ne, da rediyo, da wata doguwar jakar fata da ta tsufa, kawunan wasu ƙarafa na leƙowa daga bakinta. Inna ta ce a jingine ta bayan ƙofa. Ba wanda ya sake waiwayarta.

Azumin nan, wanda ya yi shi bai manta ba. Da asuba mu sha kunu da ragowar tuwon dawa, in akwai. Ana idar da salla sai in ɗauki tulu in nufi rijiyar unguwa, don in rana ta ɗaga ba ka samun komai sai laka. Rijiyar ta ja baya ƙwarai, igiya uku aka ƙulla, guga ya fito rabinsa ruwa rabinsa taɓo. In na kawo, Inna ta jefa ɗan alif a bar shi ya kwanta. Kafin hantsi ƙasa ta fara cin tafin ƙafa. Da azahar kuwa gari ya yi tsit, ko kaji buɗe baki suke suna haki a gindin rumbu. Mukan jiƙa zani mu lulluɓa, kafin ka juya ya bushe. Gero Inna ke aunawa da kanta, kullum tana rage wa ƙoƙon baki, ragowar cikin kuma mu cike shi da kwaɗon yaɗiya ko busasshiyar tafasa. Kunun buɗa-baki ya yi ruwa har kana iya ganin fuskarka a ciki.

Duk wannan bai dami Inna ba kamar halin Yaya. Bango ya juya wa fuska. Mai maganin da ke zuwa shafa masa mai ya ce dole ya riƙa motsa ƙafar, in ba haka ba za ta mutu gaba ɗaya. Ya ƙi. An ce Allah ya ɗauke masa azumi, ya ci abinci da rana. Ya ƙi, da dare ma loma biyu yake yi ya ture kwanon. In ka gaishe shi, da ido zai amsa. Inna ta ce mini a madafi, murya ƙasa-ƙasa, "Kulu, wanga yaro ba ciwon ne zai kashe shi ba."

Wata rana da la'asar guguwa ta shigo gidan ta ɗauke faifan Inna ta ɗora bisa rufin ɗaki. Na nemi gora ban samu ba, sai na tuna da jakar nan. Na zaro ƙarfe ɗaya, dogo, siriri, kansa a lanƙwashe kamar ƙaramar fartanya. Na saƙalo faifan da shi. Da zan mayar sai na ji wani abu na gungurawa a aljihun jakar. Na sa hannu na fito da 'yar ƙwallo fara, kamar ƙwan zabo, tauri kamar dutse, duk jikinta ƙananan lotsawa. Na juya ta, na shinshina, na ƙwanƙwasa da farce. Sai na ajiye ta ƙasa na kai mata duka irin yadda yara ke dukan ƙwallon goruba.

"Kulu!"

Na firgita har ƙarfen ya kusa suɓuce mini. Yaya ne, daga tabarmar da muka shimfiɗa masa a bakin ƙofa don ya sha iska.

"Ba haka ake riƙe shi ba. Mi kike yi, maciji kike kashewa?"

Maganar ta fito a karkace, amma ta fito cikakkiya. Inna ta leƙo daga madafi da muciya a hannu, ta dube shi, ta dube ni, ta koma ciki.

Na durƙusa gabansa. Da hannunsa mai lafiya ya shirya mini yatsu a kan mariƙin, hagu sama, dama ƙasa, ƙaramin yatsa ya saƙale na kusa da shi. Ya ce sunan wasan golf. Na kasa faɗa, na ce gwalaf, ya yi wani ɗan sauti a maƙogwaro wanda daga baya na gane dariya ce. Masu rediyo na ce masa ƙwallon lambu, amma a gidanmu ƙwallon rami muka sa masa. Ya ce fili ne babba, ga ramuka nesa da juna, kowa na korar ƙwallonsa har ta faɗa. Aikinsa shi ne ya ɗauki jakar mai wasa ya bi shi a baya, ya miƙa masa ƙarfen da ya dace.

"To wa ke ci?"

"Wanda bugunsa ya fi kaɗan."

"Kaɗan? Wanda ya fi kowa rashin aiki shi ne gwani?"

"Ke dai binne gwangwani ki gani."

Na haƙa rami a tsakar gida na binne gwangwanin madara. Ya sa na ɗauko wani ƙarfe mai faɗin baki, na gungurawa ne kawai. Daga taku kaɗan nake turawa, tana wucewa ta dama, tana wucewa ta hagu, wani lokaci ta leƙa bakin ramin ta zagaye shi ta fita kamar mai raini. Abin ya tsaya mini a rai. Ni da nake zura zare a allura ba fitila, a ce 'yar wannan ta gagare ni? Yaya ya ce in tsuguna in dubi ƙasar tukuna. Na tsuguna. Tsakar gidan da nake sharewa tun ina ƙarama, ashe ban taɓa sanin ta karkata wajen magudanar ruwa ba.

Daga nan tambaya ta buɗe. Don me fuskar kowane ƙarfe daban? Ya ce wanda fuskarsa ta kwanta sama yake ɗaga ƙwallo ya sauke ta kusa, wanda ta miƙe nesa yake kai ta. Don me jikin ƙwallon ba santsi? Ya ce mai santsi ba ta nisa, lotsawar nan ce ke kama iska. Na ce ta yaya rami zai kama iska? Ya ce haka dai ya ji. Washegari da kansa ya tayar da maganar, ya ce ya kwana yana tunaninta.

Ran nan na ce zan gwada mai ɗagawa. Na ɗaga hannu na sauke iya ƙarfina. Ƙwallon ta tashi a ƙasa-ƙasa, ta nufi gindin bango, ƙwas! Tulun da na yi safiya ina jira a rijiya ya rabe biyu. Muna kallo ƙasa ta shanye ruwan kafin a kawo ƙwarya.

Inna ta fito. "Ruwan da munka sha wahala a kansa! Ɗiya mace, babba da ke, kina wasa da ƙarfe cikin azumi. Ku kwashe tarkacenku ku bar mini gida!"

Ranar ruwan maƙwabta muka roƙa muka buɗe baki. Sai da na zo kwashe kwanoni Inna ta riƙo bakin zanina. "Kin ga kwanonsa?" Na duba, ya cinye tas. Ta ce, "Gobe ki ari jakin Ladan ki kai shi gona. Can ba tulu."

Gonarmu tana kan hanyar Kambaza, jigawa ce, fili fetal. Dama sharar gona na jirana, tunda ba namijin da zai yi. Da ƙyar Ladan maƙwabcinmu ya ɗora Yaya bisa jaki, na ja akala, jakar na rataye a bayana. Wannan ce fitarsa ta farko tun da aka kawo shi. Ya sunkuyar da kai har muka bar gari, ba ya son a gaishe shi.

Haka muka tsara kwanakin. Bayan la'asar mu fita. In zaunar da shi a inuwar gawo, shi kaɗai ke da ganye a wannan lokaci. In tattara kararen bara da ƙaya in cinna musu wuta, in na gaji sai a ɗauko ƙarafa. Ramuka uku muka yi, ɗaya kusa da gawon, ɗaya bayan suri, ɗaya can iyakar gona. Kewayen kowane rami in share da tsintsiya in daddaɓe da tafin ƙafa. Ya ce a Kaduna ma ba ciyawa ce a bakin ramin ba, yashi ne ake cuɗawa da baƙin mai a lallaɓe shi sumul.

A fili na gane ban iya komai ba. In tara 'yar ƙasa in ɗora ƙwallon, in ɗaga ƙarfe, in sauke, in ɗaga kai ina neman ta a sama, ashe tana nan gabana ko motsi ba ta yi ba. Wani bugun in tono ƙasa ta watsu mini a ido. In na same ta kuma, sai ta tashi kamar za ta miƙe, can ta lanƙwasa dama ta faɗa gonar mutane.

"Kada ki ɗaga kai. Ni zan duba miki inda ta tahi."

"To don me take lanƙwasawa?"

"Don kina yankar ta. Kuma daka kike yi. Wanga ba turmi ba ne."

Duk rayuwata abin da na ɗaga sama, taɓarya ko gatari, da ƙarfi nake sauke shi. Hannuna bai san wata hanya ba. Tafina ya yi bororo, ya fashe, ya yi kanta.

Sai wata rana cikin goman tsakiya. Daren ba mu samu sahur na kirki ba, zafin ranar kuma ya fi na kullum. Da na gama ƙona kara, idona har duhu-duhu yake gani, harshena kamar busasshiyar fata. Na ce yau ba zan iya ba. Ya ce in yi ɗaya mu tafi. Na tsaya, na ɗaga ƙarfen a hankali don ba ni da ƙarfin da zan yi sauri, na juya ƙugu, na bar shi ya sauko da nauyinsa. Sai na ji ƙas, wani sauti mai tsabta, hannuna ko girgiza bai yi ba, kamar ban taɓa komai ba. Na ɗaga kai. Tana can sama, fara, tana tafiya a miƙe, ta wuce surin ta sauka ta yi tsalle biyu.

Na tsaya baki buɗe. "Yaya, ban fa buga ba."

"Yanzu kika buga."

"To ina ƙarfin ya fito?"

Ya yi dariya har miyau ya zubo masa ta gefen da ya karkace, ya goge da hannun riga, bai ji kunya ba. Kwana da kwanaki ina neman wannan bugun. Wata rana ya zo, wata rana ya ƙi. Amma na riga na ji shi a hannuna, na san yana nan.

Magana ba ta daɗe ba ta zagaya gari. A rijiya mata suka fara yin shiru in na iso. Aka ce ana fita roƙon ruwa, tsofaffi na kuka a filin idi, ita kuwa bazawarar gidan su Sahabi tana jeji tana wasan Nasara. Wasu suka ce ramukan ma ba a san abin da aka binne ciki ba. Zancen ya kai kunnen Baffa Attahiru, ƙanin babanmu, malamin da ke karantarwa a zaurensa, wanda ba a musa wa magana a danginmu. In ya ce a bari, an bari ke nan.

Sai ga shi wata la'asar ya zo gonar da kansa, da carbi a hannu. Na durƙusa na gaishe shi. Ya zagaya ramin, ya sa sanda ya tono gwangwanin, ya leƙa ciki, ya mayar.

"Sahabi, ana sa wani abu? Wanda ya ci yana karɓar na wanda anka ci?"

"A'a, Baffa."

"Ya taɓa sa ku kun bar salla?"

"A'a."

Baffa ya karɓi ƙwallon ya juya ta a tafinsa ya daɗe. "Ikon Allah. To su waɗanga 'yan ramukan na jikinta, na mi ne?"

Na sunkuyar da kai don kada ya ga bakina. Yaya ya shiga bayani. Baffa ya ce in buga ya gani. Na gyara lulluɓi, na ɗaure shi a ƙugu, na yi bisimilla. Allah ya rufa mini asiri ta tashi, amma ta faɗi bayan surin inda ba a gani daga gawon. Na je na dawo na ce ta shige gindin wata sabara.

"Yaya ta kwanta? Bisa yashi ko ta nutse?" in ji Yaya Sahabi.

"Ta ɗan nutse."

"Reshe na gabanta ko bayanta?"

"Yana dai wajen."

Yaya ya yi tsaki. Ya jawo ƙarfe mafi tsawo, ya kafa kansa a ƙasa, ya dafa gawon, ya yunƙura. Na zabura zan riƙe shi, Baffa ya tare ni da sandarsa. Yaya ya miƙe yana rawa kamar ɗan maraƙin da aka haifa yanzu. Ya jefa ƙafar dama, ya jawo ta hagu tana zana layi a yashi. Ya sake. Gumi ya jiƙa masa riga. Da haka har ya kai sabarar ya leƙa.

"Kawo mai kwantacciyar fuska," ya ce, yana haki. "Yashin za ki buga, ba ita ba."

Baffa ya juya ya kama hanyar gari. Ya ɗan yi nisa sannan ya waiwayo. "Kulu, ki riƙa rufe jikinki da kyau. Kuma ku dawo kafin magariba." Iyakar hukuncinsa ke nan. Daga ranar in an tayar da zancen a rijiya sai wata ta ce, ai Malam ya je ya gani.

Goman ƙarshe tare muke bin ramukan. Ni in kawo ta kusa, shi ya gungura da hannu ɗaya. Ko da hannu ɗayan ban taɓa cin sa a bakin rami ba. Jakin Ladan ya koma ɗaukar jaka kawai a rabin hanya.

Ana jajiberin salla ruwa ya sauko. Iska ta fara zuwa da sanyi, sannan ɗigo manya-manya masu tayar da ƙura, sannan ya kece. Muka jera duk abin da ke riƙe ruwa a bakin indararo, Inna na tsaye cikinsa tana hamdala. Washegarin salla muka yi shuka, ina sara da sungumi, Inna na jefa iri, Yaya na binnewa. Gwangwanayen na tone su da hannuna. Gona ta koma gona.

Gero ya tsiro, kore shar, har ya yi ganye uku. Sai sama ta rufe. Muna kallo ya lanƙwashe, ya yi fari, ya kwanta. Iri kuwa ya ƙare, na ci ma saura ƙasan rumbu. Inna ta ce sai dai a je Kalgo wurin Goggo, ƙanwar babanmu, su da ke kusa da fadama ba su rasa ajiya. Na fara ɗaura kaya. Yaya ya ce shi zai je.

"Kai da wace ƙafa?" in ji Inna.

"Da wadda ta rage. Ba a aika ɗiya mace roƙon iri ina zaune."

Ladan ya kai shi tasha ya sa shi motar Birnin Kebbi, daga can zai sake wata. Inna ba ta runtsa da kyau ba har ya dawo. Ya sauko da ɗan buhun iri, da busasshen kifi a ƙunshe, dogon ƙarfen na hannunsa a matsayin sanda. Ruwa ya dawo, muka sake shuka, wannan karon ta kama. Ba mu cika rumbu ba, amma mun kai wata kakar.

Ashe ba iri kaɗai ya je ya samo ba. A zauren mijin Goggo ya zauna yana ba da labarin ƙanwarsa mai tambaya, har wani manomin shinkafa da matarsa ta rasu ya ce yana son ya ga wannan mata. Bayan girbi aka ɗaura mana aure. Shi ne uban 'ya'yana, a gidansa nake zaune yau. A kakar ce kuma matar Yaya ta iso Gwandu da yara.

Ranar da za a kawo ni Kalgo, mota na tsaye a ƙofar gida an gama loda kaya, na shiga zaure in yi masa sallama. Yana zaune shi kaɗai. Na durƙusa, sai tambaya ta fito mini.

"Yaya, can Kaduna kai ma kana bugawa da su?"

"A'a. Mu ɗauka muke yi. Sai in fili ba kowa a bar mu mu taɓa." Ya dubi hannunsa da ya mutu a cinyarsa. "Shekara ashirin ina bayan mutane da jaka, Kulu. Sukan ce miƙo wancan, ina ta faɗi, share nan. Ba wanda ya taɓa ce mini don mi. Da anka kawo ni gida na ɗauka abin da na sani duk ya mutu tare da hannun ga. Sai kika dame ni."

Na kasa ɗaga kai. Direba ya danna oda a waje.

"Tashi ki tahi," ya ce. "Kada ki sa ni kuka gaban baƙi."

Na fito na shiga mota tsakanin mata. Da muka tashi na leƙa ta taga. Ya fito ƙofar zaure, ba sanda, ba mai riƙe shi, yana tsaye da ƙafafunsa har muka sha kwana.